Jinyar ɗimuwa ga yaran riƙo a Amurka: abin da ke aiki da abin da ke hana shi aiki

A shekarar 2021 akwai yara kimanin dubu 390 a hannun hukuma ƙarƙashin tsarin riƙo a Amurka. Waɗannan yara ne da aka ɗauke daga gidan iyayensu da izinin kotu, aka damƙa su ga wani dangi, ko ga baƙin da hukuma ta tantance ta ba su lasisin riƙo, ko kuma aka ajiye su a gidajen da ake tara yara da yawa ma'aikata na kula da su. Dalilin da ya fi yawa a takardun hukuma shi ne sakaci, wato rashin ci da sutura da kulawa, wanda sau da yawa shaye-shayen iyaye ko talauci ko taɓin hankali ke haddasawa. Duka da lalata suna biye. Ko ma mene ne dalilin, yaron da ya shigo gidan riƙo ya sha wuya har sau biyu, ta abin da ya sa aka ɗauke shi da kuma ta ɗaukewar kanta, domin uwar da ba ta iya ciyar da shi ba ita ce dai uwar da ya sani.

Abin da mariƙa ke gani a makonnin farko kusan iri ɗaya ne. Mariƙiya za ta ɗaga matashin kai ta tarar da burodi ya yi fumfuna a ƙarƙashi, alhali abinci bai taɓa yankewa a gidan ba. Yaro mai shekara tara yana fitsarin kwance, yana zabura idan an rufe ƙofa da ƙarfi, yana yin ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi ɗaure wa mariƙa kai shi ne, ranar da aka fi kyautata masa, aka saya masa sabon takalmi aka fita da shi yawo, ranar ce zai dawo ya fasa kwano ko ya zagi wadda ta yi masa alherin. An daɗe ana fassara wannan da taurin kai da rashin godiya, ana maganinsa da horo, idan horo ya gaza sai a kira ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a ce ta zo ta ɗauki yaronta. Jinyar da ke la'akari da ɗimuwa, wato tabon da mummunan abu ke bari a zuciya da jiki bayan ya wuce, ta zo da wata fassarar: ɓoye abinci dabara ce da ta taɓa ceton yaron a gidan da ba a san lokacin da za a sake ɗora tukunya ba, kuma wanda ya saba cewa duk babban da ya sake jiki da shi daga baya zai cutar da shi ko ya tafi, alheri ma tsoro yake ba shi.

Wannan fahimta ta samu gindin zama ne daga wani bincike da ba a kan yara aka yi shi ba. A shekarun 1980 likita Vincent Felitti, wanda ke kula da sashen rage ƙiba a asibitin Kaiser da ke San Diego, ya lura cewa da yawa daga cikin masu daina zuwa jinya bayan sun fara samun nasara mutane ne da aka yi lalata da su suna ƙanana. Daga nan shi da Robert Anda na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka yi wa manya sama da dubu 17 tambayoyi tsakanin 1995 da 1997 a kan irin wahalar da suka sha a ƙuruciya: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, sakaci, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, da ɗaurin wani a gida. Kusan kashi biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla ɗaya, kimanin mutum ɗaya cikin takwas kuma ya fuskanci huɗu ko fiye. Rahoton farko da ya fito a 1998 ya nuna cewa masu huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su fuskanci ko ɗaya ba sau 4 zuwa sau 12 wajen shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai, kuma ciwon zuciya da na hanta da na huhu ma sun fi kama su. Mutanen da aka tambaya ba faƙirai ba ne, akasarinsu masu ilimi ne da inshorar lafiya, abin da ya sa sakamakon ya girgiza likitoci.

Sai dai an kai wannan bincike inda masu shi ba su nufa ba. Ya zama ruwan dare a ƙirga wa yaro maki daga sifili zuwa goma, maki ɗaya ga kowace irin wahala da ya sha, a ɗauka an gano makomarsa, har jihar Kalifoniya ta fara biyan likitoci kuɗin yin wannan ƙirga a 2020. A shekarar ce Anda da kansa ya yi rubutu yana gargaɗin cewa makin ma'auni ne na jama'a a dunƙule, bai dace a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi ba. Gargaɗin na kan hanya, domin makin bai san bambanci tsakanin mari ɗaya da shekara shida na duka ba, kuma bai tambayi ko akwai kaka ko malami da ya tsaya wa yaron ba, alhali wannan ne ya fi komai raba yaron da ya farfaɗo da wanda bai farfaɗo ba.

Bayanin abin da ke faruwa a jiki ba shi da tsawo. Idan mutum ya ga haɗari, jiki kan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri da shirya gaɓoɓi domin gudu ko faɗa, idan haɗarin ya wuce komai ya lafa. Jariri da ƙaramin yaro ba sa iya lafar da kansu, babba ne ke ɗaukar su ya rarrashe su, da haka jikinsu ke koyon komawa daidai. Idan babban shi ne haɗarin, ko kuwa ba ya nan, sai jikin ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana, barci ya lalace, hankali ya kasa tsayawa a kan karatu, ƙaramin abu kamar ƙanshin wani turare ko ɗaga murya ya maido da firgicin sabo fil.

A nan akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne ɗabi'ar ma'aikata baki ɗaya, wadda hukumar kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta tsara a 2014: kowane ma'aikaci, daga mai gadi har alƙali, ya san yadda ɗimuwa ta yawaita, ya gane alamunta, ya gyara yadda yake aiki saboda ita, ya kuma guji sake fama wa yaro ciwon. A aikace wannan na nufin kada a sa yarinya ta maimaita labarin fyaɗen da aka yi mata ga mutum bakwai daban-daban, a gaya wa yaro tun da wuri inda za a kai shi da dalili, a ba shi zaɓi a inda zaɓi zai yiwu. Wannan mutunci ne da ya kamata a yi ko da babu bincike, amma ba jinya ba ce, kuma hujjar cewa horar da ma'aikata na kwana ɗaya ko biyu yana sauya lafiyar yara ba ta da ƙarfi. Wani bita da aka yi a 2019 a kan makarantun da ke ikirarin bin wannan tsari bai samu ko bincike ɗaya da ya cika sharuɗɗan inganci ba. A ganina wannan suna ya yi araha sosai, tun da kowace cibiya na iya liƙa shi a ƙofarta ba tare da ta sauya komai ba.

Na biyu shi ne jinyar kanta, wadda ake yi ta hanyar zama da tattaunawa, kuma a nan hujja tana da ƙwari. Wadda aka fi gwadawa ita ce wadda ake kira TF-CBT a taƙaice, wato jinyar gyara tunani da hali mai mayar da hankali kan ɗimuwa, wadda Judith Cohen da Anthony Mannarino na Pittsburgh da Esther Deblinger ta New Jersey suka haɗa, domin yara daga shekara 3 zuwa 18. Yawanci zama 12 zuwa 16 ne, sau ɗaya a mako, ko da yake yaran da suka sha wahala iri-iri kan kai zama 25. A wani gwaji da suka wallafa a 2004 a kan yara 229 da aka yi lalata da su, waɗanda suka samu wannan jinya sun fi waɗanda aka yi wa tattaunawar lallashi kawai samun sauƙin firgici da damuwa da jin kunya, iyayensu ma sun fi samun natsuwa.

Yadda ake tafiyar da ita ya cancanci a tsaya a kai, domin jerin matakan shi ne hikimar. A makonnin farko ba a taɓa labarin abin da ya faru sai sama-sama. Ana koya wa yaro cewa mafarkin tsoro da zabura abu ne da ke samun duk wanda ya ga abin da ya gani, ba hauka ba ne. Ana koya masa jan numfashi a hankali da sassauta jiki. Ana koya masa ba wa abin da yake ji suna, tun da yara da yawa kalma biyu kawai suka sani, lafiya lau da fushi. Sannan a nuna masa yadda tunani ke haifar da ji, ji kuma ke haifar da aiki: idan aboki ya wuce bai gaishe shi ba, tunanin "ya tsane ni" daban yake kai shi, tunanin "bai gan ni ba" daban. Sai ya ƙware a waɗannan ne ake shiga tsakiyar aikin, inda zai ba da labarin abin da ya same shi kaɗan-kaɗan, mai jinyar, wato ƙwararren da ke zama da shi, na rubutawa, yawanci a matsayin littafi mai babi-babi. Babin farko sunansa da abincin da yake so da ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, sannan rayuwa kafin abin ya faru, sannan ranar da ya faru, har a kai ga wurin da ya fi muni, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Ƙaramin yaro zane yake yi ko ya nuna da 'yar tsana. Kowane mako ana karanta abin da aka rubuta daga farko, kuma maimaitawar ce ke sa abin ya daina razana shi, ya koma labarin da ya wuce.

Cikin wannan rubutu ne ake kama tunanin da ke cin yaron a ɓoye. Yaro zai ce da bai gaya wa malamarsa ba da ba a kama babansa ba, da ƙannensa suna gida. Yarinya za ta ce tun da ta karɓi alewa laifinta ne. Mai jinyar ba ya cewa kawai "ba laifinki ba ne", domin ta sha jin haka kuma bai shiga ba. Tambaya yake yi: shekararki nawa a lokacin, shi kuma nawa? Da ƙawarki ce wannan ya samu, me za ki ce mata? Da haka yarinyar ke isa ga amsar da bakinta, a koma a gyara babin.

Duk wannan rabin aikin ne. Sauran rabin ana yin sa da babban da ke riƙe da yaron, domin kowane zama kashi biyu ne, rabi da yaro rabi da uwa ko mariƙi. Ana koya wa babban yabon abu mai kyau a take kuma a fayyace, kau da kai daga ƙananan fitintinu, da horon da ba duka ba tsawa. Ana kuma karanta masa littafin yaron a bayan idon yaron, babi bayan babi, domin ya yi kukansa ko fushinsa a gaban mai jinya, ta yadda ranar da yaron zai karanta masa da kansa zai iya saurare da natsuwa ya ce masa ya yi ƙoƙari, kuma ba a ga baƙinsa ba. Wannan zama na haɗin gwiwa shi ne ƙololuwar jinyar, tun da mai jinya awa ɗaya yake ganin yaro a mako, sauran awa 167 kuwa suna hannun mutanen gida da makaranta.

Ga ƙananan yara ma nauyin ya fi karkata ga babba. A tsarin da Alicia Lieberman ta haɓaka a San Francisco domin 'yan ƙasa da shekara shida, uwa da ɗa suna zaune tare a ƙasa da kayan wasa, mai jinya na taimaka wa uwar ta fahimci abin da wasan ɗanta ke faɗa. Mary Dozier ta jami'ar Delaware ta tsara ziyara goma zuwa gida, inda ake nuna wa mariƙiya a daidai lokacin da abin ke faruwa cewa jaririn da ya faɗi ya juya mata baya yana bukatar a ɗauke shi, ko da yake ya nuna kamar ba ya so. A tsarin Sheila Eyberg kuwa mai jinya na bayan gilashi yana yi wa uba ko uwa raɗa ta na'urar kunne yayin da suke wasa da yaron.

To a nan gizo ke saƙar. Duk waɗannan hanyoyi sun dogara ne da samuwar babba guda da zai zauna, tsarin riƙo kuwa abin da ya fi kasa samarwa ke nan. Ana sauya wa yara gida saboda mariƙi ya gaji, ko an samu gurbi kusa da ɗan'uwa, ko kotu ta mayar da yaro ga iyayensa sannan aka sake ɗauko shi, kuma sau da yawa a ledar shara ake zuba kayansa, abin da tsofaffin 'yan riƙo ba sa mantawa. Wani bincike da aka fitar a 2005 a kan manyan da suka tashi a riƙo a jihohin Oregon da Washington ya gano cewa kashi 65 cikin 100 sun sauya makaranta sau bakwai ko fiye, kuma ɗaya cikin huɗu ya yi fama da ciwon firgici a shekarar da ta gabaci tambayar, adadin da ya haura na tsofaffin sojojin Amurka da suka je yaƙi. Lamarin zagaye yake yi: ɗimuwa na haifar da halin da ke gajiyar da mariƙi, a sauya gida, sauyin ya tabbatar wa yaron cewa ba mai riƙe shi, halin ya ƙaru. Idan sauyin ya faɗo a tsakiyar rubuta labarin, an buɗe ciwo ke nan an tafi an bar shi.

Hujja mafi ƙarfi a kan darajar zama wuri ɗaya ta fito ne daga Romaniya. Bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceaușescu, a Disamban 1989 duniya ta ga gidajen marayun da dokarsa ta hana zubar da ciki ta 1966 da talauci suka cika da jarirai. Daga 2000 masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a Bucharest, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, rabi aka kai su gidajen riƙo da aka horar da mariƙansu kuma ake tallafa musu. Waɗanda aka kai riƙo sun fi sauran kaifin basira da shaƙuwa da babba, musamman waɗanda aka kai kafin su cika wata 24. Da aka sake duba su suna shekara 12, an ga waɗanda suka ci gaba da zama a gidan riƙonsu na farko sun fi waɗanda aka sauya wa gida lafiyar hali nesa ba kusa ba.

Inda babu mariƙi mai ɗorewa kuma babu ƙwararren mai jinya, abin da ke cike gurbin shi ne ƙwaya. Ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya ba da rahoto a 2011 cewa a jihohi biyar da ya duba, ana rubuta wa yaran riƙo magungunan ƙwaƙwalwa ninki 2.7 zuwa 4.5 na sauran yaran da ke kan inshorar gwamnati, wasu har iri biyar a lokaci guda. Magani na da wurinsa idan akwai ciwon da ya kira shi, amma yaron da ke tashi cikin dare saboda tsoro, kwantar da shi da ƙwaya sauƙi ne ga manya kawai. Akwai kuma hanyoyin da suka fake da sunan jinya suka yi kisa: a 2000 wata yarinya mai shekara 10 ta rasu a Colorado bayan an naɗe ta a bargo an danne ta da sunan za a sake haihuwarta ta shaƙu da wadda ta ɗauke ta, abin da ya sa jihar ta haramta wannan aiki a shekarar da ta biyo.

Iyayen asali su ma suna cikin lissafin, tun da kusan rabin yaran da ke fita daga riƙo gida suke komawa, kuma da yawa daga cikin iyayen su ma an yi musu abin da suka yi. Dokar da aka sa wa hannu a Fabrairun 2018 ta ba jihohi damar kashe kuɗin tarayya wajen jinyar shaye-shaye da ta ƙwaƙwalwa da koyar da tarbiyya ga iyaye kafin a kai ga ɗauke yaro, ta kuma taƙaita kuɗin da ake ba gidajen tara yara. Manufar daidai take, ko da yake jihohi sun bambanta ƙwarai wajen aiwatarwa.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk harkar ƙasar da ke da likitoci ce. Amma an gwada TF-CBT a Lusaka ta Zambiya da yara 257 marayu da marasa galihu, kuma masu jinyar ba likitoci ba ne, mutanen unguwa ne da aka horar aka kuma riƙa duba aikinsu kowane mako. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna alamun ɗimuwa sun ragu da kusan kashi 82 cikin 100, a kan kashi 21 ga waɗanda suka samu kulawar da aka saba. An samu nasara makamanciyar wannan a gabashin Kwango da 'yan matan da yaƙi ya rutsa da su, inda aka yi jinyar rukuni-rukuni. Wannan ya shafe mu, domin riƙo a ƙasar Hausa tsohon abu ne, kuma rikicin arewa maso gabas da na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ya bar yara da dama a hannun kaka ko gwaggo ko kawu bayan sun ga abin da babba ma ba zai iya ɗauka ba. Irin wannan riƙo yana da abin da tsarin Amurka ke kashe maƙudan kuɗi yana nema, wato dangin da yaro ya sani kuma ba a sa ran za su mayar da shi. Abin da ya rasa shi ne mai gaya wa gwaggon cewa fitsarin kwance da zabura da shirun yaron alamu ne da aka sani, bulala ba ta warkar da su, kuma hana shi ambaton ranar da aka shigo garinsu ba ya sa ya manta. A Zambiya, horar da mai jinya da samar masa mai duba aikinsa mako-mako ya wadatar wajen isar da wannan ga mariƙa ba tare da an jira likitan ƙwaƙwalwa ba.